Baba Isaiah a Kan Suri

Tun ranar da Baba Isaiah ya sauka a tashar Azare yake mita. Abinci bai dame shi ba, sauro ma ya yafe masa, ƙasar ce kawai ba ta yi masa ba. Mutumin da aka haifa a gindin dutse can wajen Bogoro, ya tsufa yana hawa yana sauka, sai ga shi a garin da ko ƙwai ka ajiye a ƙasa ba zai gangara ba.

"Ke Salomi," in ji shi, "wane ne ya bi garin nan naku ya goge shi haka?"

Salomi 'yarsa ce, ma'aikaciyar gwamnati a Azare. Ita ta matsa ya zo bayan rasuwar mahaifiyarta, don barci ya daina ɗaukarta in ta tuna tsoho mai hawan jini yana bin duwatsu shi kaɗai. A ranta zama ya zo yi, babu komawa. Shi kuwa a saninsa hutun damina ya zo, kuma ba ta yi ƙarfin halin gaya masa gaskiya ba.

Da mitar ta ishe ta, sai ta ce ran Asabar za ta kai shi Katagum ya ga kogi, tunda damina ta cika shi. In babu dutse ai ga ruwa. Tsoho ya ɗaure takalminsa na hawan dutse, ya ɗauki sanda, kai ka ce wani tsauni za a je.

Sun isa bayan azahar. Baba ya dubi kogin, ya taɓe baki, ya ce, "To, na gani." Salomi ta tsaya zaɓen kifi wajen wani masunci, Malam Mamman, sai ta ji uban ya ce bari ya ɗan miƙe ƙafa. Ta ce kada ya yi nisa, ko waiwayawa ba ta yi ba.

Kafin a gama gyara kifin, babu Baba babu dalilinsa.

Ta duba bayan mota, ta duba gindin tsamiya. Ta kira wayarsa, sai ta ji tana ƙara a kujerar gaba. Bayan bakin kogin gonakin dawa ne iyakar ganin ido, dawar ta fi mutum tsawo, ƙananan hanyoyi sun shige ciki, kowacce kamar 'yar'uwarta.

"Malam Mamman, ka ga inda babana ya bi?"

Masuncin ya ajiye wuƙa. "Cikin dawa ya shiga? Kai, Malama! Ruwa ya hau fadama kwanan nan. Wasu hanyoyin kana cikin tafiya sai dai ka ji ka a laka har ƙugu. Ya iya ruwa?"

Ina fa! Ruwan da Baba ya sani shi ne na ƙoramar da ake tsallakewa a kan duwatsu. Ga hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin.

Suka kutsa cikin dawa, Mamman a gaba, ita a baya, ganye yana yankar mata hannu. Ta ƙwala kira, "Baba! Baba!" Dawar ta haɗiye muryar. Suka bi wata hanya, ta kai su ga ruwa ja mai tafiya a hankali da karare a kansa. Salomi ta tsaya tana kallon ruwan. Tsoro ya kama ta sosai. Ita ce fa ta ɗauko mutumin nan daga inda ya san kowane dutse da sunansa, wai don ta tsare shi.

Suka juya, suka bi wata. Nan ma ruwa. Iska ta taso, dawa ta shiga kaɗawa da ƙara, har ba ta jin abin da Mamman yake faɗa sai ya ɗaga murya.

"Mu koma gari a tara mutane!"

"Kafin a taru ruwa ya sauko!"

Ta dafe kai. Me Baba zai yi in ya ga ya ɓata? Ba mai zama wuri ɗaya ba ne, taurin kansa ya fi sandarsa. Sai ta tuna suna yara, in za su itace a bayan gari, kullum abu ɗaya yake ja musu kunne a kai: duk wanda hanya ta ɓace masa kada ya yi ta yawo a ƙasa, ya hau sama, zai hango rufin coci.

"Malam Mamman, ina tudu a nan?"

Duk da halin da ake ciki sai da mutumin ya yi dariya. "Tudu? A Katagum?"

"Ko mene ne, abin da mutum zai hau!"

Ya sosa gemu. "Sai dai wani tsohon suri a gonar Ɗanladi. Gara ta daɗe da barinsa."

Suka ruga. Yayyafi ya fara, laka tana cire mata takalmi, ta bar shi ta ci gaba da ƙafa. Da suka ɓullo wani ɗan fili, sai ga surin, ja, ya ɗan ɗara mutum tsawo. Ga Baba Isaiah a kansa a zaune, wandonsa laka har gwiwa, takalmi ɗaya babu, ya rungume sanda yana fuskantar kudu.

Salomi ta zo da faɗa cike da baki, amma da ta ga fuskarsa sai ta fasa faɗan. Ba ta taɓa ganin tsoro a idon mahaifinta ba sai ranar.

"Na hau, Salomi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na hau kamar yadda ake yi. Ban ga komai ba. Dawa ce ko'ina."

Mamman ya kama shi ya sauko da shi a hankali. Ta riƙe hannun tsohon har mota, bai ce ta sake shi ba.

A hanyar komawa Azare ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mai mita ko ƙorafin ramukan hanya bai yi ba. Sai da suka yi nisa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Na ga kin sa an yi mini sabon gado. Hutun nan ba mai ƙarewa ba ne, ko?"

Ta riƙe sitiyari da ƙarfi, hawaye suna hana ta ganin hanya.

"In kin ce in zauna, zan zauna," in ji shi. "Sai dai ba zan ƙara fita ba."

Ta dubi ƙafarsa mara takalmi, da sandar da ya jingina a gwiwa.

"A'a, Baba," ta ce. "Asabar mai zuwa zan kai ka gida."