Baƙuwa a Gonar Baba

Takalmansa ba sa bakin ƙofa. Abin da Auta ta fara lura da shi ke nan da ta fito daga ɗakin ɗinki, almakashi a hannu, zare a leɓe. Tabarma tana nan shimfiɗe a inuwa, shayinsa ko rabi bai sha ba, ƙudaje sun fara kewaya kofin. Ƙyauren gida kuwa a buɗe yake, iska na kaɗa shi a hankali.

"Baba!"

Ta leƙa ɗakinsa, ta leƙa banɗaki, ta zagaya bayan gida wajen tsohuwar rijiyar da aka rufe da murfin ƙarfe. Murfin yana nan daram. Ta sauke numfashi, sannan ta tuna in ba ya cikin gida to yana waje, wajen kuwa ba wanda ya sani ba ne yanzu.

Kuma a rasa ranar da zai fita sai yau, ranar da Yaya zai zo daga birni ya tafi da shi.

Ita ta nemi hakan da bakinta. Tun rasuwar Inna tunanin Baba ya fara tsiyayewa kamar ruwa a tsagaggen tulu. Da farko sunayen jikoki ne suka ɓace masa, sai ranaku, daga baya ya fara fita ba sallama. Tana sunkuyawa ta haɗa hannun riga, in ta ɗago sai ta ga wayam. Wani lokaci a tsince shi yana dawowa da kansa, fuskarsa a sake, a tambaye shi inda ya je ya ce, "Aiki mana." Maigidanta ba shi da yadda zai yi, kamar sauran mazan garin, tun asuba motar haya ke kwashe shi zuwa birni, ba ya dawowa sai ya yi tiɓis. Ɗinkin mutane ya taru, masu kaya sun fara sakin magana a kaikaice. Ranar da ta ji kanta tana daka wa Baba tsawa kamar ƙaramin yaro, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta kira Yaya. "Ka zo ka ɗauke shi. Gidanka bene ne, ba zai iya fita ba. Ni na gaji." Yaya ya yi ta ɗaga ranar, wannan satin aiki, wancan satin mota ta lalace, har dai ya ce yau.

Ta fizgi gyale ta fita.

Layinsu babu kowa. Haka garin yake da hantsi, kamar an share shi: gidaje a kulle, 'yan makaranta sun tafi, ma'aikata sun tafi, sai masu shago suna gyangyaɗi, sai kuma ƙarar injin buga bulo daga wani kango. Da can ƙauye ne da kowa ya san akuyar kowa. Sai birni ya miƙo ƙafa ɗaya, ya miƙo ta biyu, yanzu ba mai iya nuna maka inda birnin ya ƙare garin ya fara.

A kwanar layin ta tarar da mai faci yana tsoma tiyub a ruwa.

"Auta, lafiya kike sauri kamar an biyo ki?"

"Ka ga Baba?"

"Ya wuce ɗazu. Har ya tsaya ya yi mini faɗa, wai na kafa rumfa a hanyar shanu." Ya fara dariya, ya ga fuskarta ya haɗiye. Ya nuna babban titi da haɓa. "Can ya nufa."

"Kuma ka bar shi?"

"Wallahi na ɗauka kina bayansa."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Titin ne abin da take tsoro fiye da rijiya. Tun da aka faɗaɗa shi aka raba biyu, tireloli da motocin haya da babura ke kwarara a kansa ba dare ba rana, kowa yana gudu kamar an ce za a rufe ƙofar birnin. Ta tsaya a gefe tana duba dama da hagu. Ba Baba take nema ba, taron jama'a take nema, domin ta san abin da ke tara mutane a bakin titin nan. Babu taro.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Ina cikin cunkoso a kan gada, ko motsi ba ma yi. Ya shirya?"

"Muna shiri," ta ce, ta kashe.

Ta kutsa ta tsallaka, wani direba ya bi ta da zagi. A wannan ɓangaren babu komai sai doguwar katanga mai farin fenti, da rukunin sababbin gidaje a bayanta, rufinsu iri ɗaya, tankunan ruwansu iri ɗaya. Nan ne gonar Baba take a da. Da ƙarfinsa ya ƙare masu gini suka matsa, Yaya ya shige gaba aka sayar. Tun daga ranar Auta ba ta sake taka wurin ba. In ta wuce a mota ma, ɗaya tagar take kallo.

Maigadi ya taso daga benci ya tare ta.

"Wajen wa kika zo?"

"Tsoho nake nema. Dogo ne, siriri, da farar riga, yana ɗan jan ƙafar hagu."

"Oho, baban matar gida mai shuɗiyar ƙofa? Ya shiga ɗazu."

"Babana ne," ta ce, da ƙarfin da ya sa maigadin ya ja da baya. "Ni ce 'yarsa."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ɗaga kafaɗa, ya kwatanta mata layin.

Ba ta buƙaci kwatancen ba. Tun daga nesa ta hango mangwaron. Duk bishiyoyin gonar an sare, shi kaɗai masu gini suka bari, ko don ya faɗo daidai kusurwar fili. Yanzu katangar wani gida ta zagaye shi, rassansa sun leƙo waje. Shuɗiyar ƙofar a buɗe take kaɗan. Ta yi sallama ta tura.

Baba yana zaune a kujerar roba a gindin mangwaron, ya cire takalma, ya miƙe ƙafafu a kan ɗan abin da ya rage na ƙasa tsakanin siminti da saiwa. Kusa da shi wata matashiya ce da tsohon ciki, tana zaune a kan turmi tana sauraronsa, hannunta ɗaya a ƙugu.

"Yawwa, ga Auta," in ji Baba, kamar tun ɗazu ya aike ta. "Ke wace irin yarinya ce? Mun yi baƙuwa a gona, ko ruwa ba ki kawo mata ba."

Duk faɗan da Auta ta ƙunso tun daga gida ya bi iska. Rabon da ya kira sunanta ba tare da an tuna masa ba har ta manta.

Matar ta yunƙura da ƙyar ta miƙe, ta jawo ta gefe.

"Anti, ke ce Auta? Kullum sai ya ambace ki. Ki yi haƙuri, na so in nemo ku, to in na tambaye shi gidansa sai ya ce ai ga shi muna ciki."

"Kullum? Ba yau ya fara zuwa ba?"

"Tun farkon damina. Ranar farko na ji ana buga ƙofa, na buɗe, ya ce mini sannu da zuwa, in shigo in huta." Ta yi murmushi. "A gidana fa. Na tsorata da farko, sai na ga ba ya nufin komai sai bishiyar nan. In ya gama hutawa nakan raka shi in tsallakar da shi titi, daga nan ya ce in koma, ya san hanya."

Auta ta dubi cikin matar, ta tuna tirelolin. "Da wannan cikin kike tsallaka titin?"

"To ya zan yi? In bar shi?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. "Gaskiya ni ma ina jin daɗin zuwansa. Maigidana tun duhu yake fita. Maƙwabta ta gilashin mota muke gaisawa. Iyayena suna nesa. Tun da muka tare a gidan nan, ba wanda ya taɓa buga ƙofar nan don ni sai shi."

Waya ta sake ƙara. Wannan karon Auta ta faɗi gaskiya, ta kwatanta wa Yaya wurin.

"A can?" ya ce. "To. Ga ni nan."

Ya iso da gumi a goshi, rigarsa mai guga ta manne a baya, makullin mota a hannu. A bakin ƙofa ya tsaya yana kallon mangwaron. Baba ya kare ido da tafin hannu ya dube shi.

"Samari, in batun gonar ne ya kawo ka, ka koma. Na faɗa wa na farko, ba ta sayarwa ba ce."

"Baba, ni ne."

"To ai na ga kai ne. Zauna dai, tunda ka riga ka zo."

Babu wata kujerar. Yaya ya tattare wando ya tsuguna a gabansa. Baba ya shiga nuna masa iyaka da yatsa: daga wancan tankin ruwa zuwa inda janareta yake, daga nan a gangara har rafi. Yaya yana bin yatsan da ido yana gyaɗa kai.

"Ina da ɗa kamar kai a birni," in ji Baba. "Shi zan bar wa. Shi ya riƙe mini dashen bishiyar nan ina tura ƙasa, lokacin bai fi haka ba." Ya nuna tsayin gwiwa.

"Yaron kirki ne?" in ji Yaya.

"Yana da kirki. Sauri ne dai ya yi masa yawa. Ko abinci a tsaye yake ci."

Matar gidan ta shige ciki, wai za ta ɗebo ruwa. Yaya ya daɗe a tsugune, sannan ya miƙe ya yafito Auta zuwa bakin ƙofa. Idanunsa sun yi ja.

"Kin ga yadda ya sake a nan? In na kai shi bene na rufe, ba ƙasa, ba bishiya, ba wanda ya sani, ba zai kai ko'ina ba. Mu bari tukuna, Auta."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma ga yadda kafaɗunsa suka sauka da ya faɗe ta, da yadda babban yatsansa ya fara shafa makullin motar. Ta kasa rabe wanne ya fi yawa a muryarsa, tausayi ko sauƙin da ya samu.

"Ni fa, Yaya?"

"Zan riƙa zuwa. Wallahi zan riƙa zuwa."

Ya ce su shiga ya sauke su gida. Baba ya ƙi, ya ce shi ba ya shiga motar dillalai. Yaya ya duba agogo, ya ce in bai kama hanya yanzu ba gadar za ta sake cushewa. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, Baba ya ce ya gaida mutanen gida, ya kuma faɗa wa wanda ya aiko shi kada ya sake wahalar da kansa.

Da ƙarar motar ta ɓace, matar ta fito da kofuna a faranti, ta ga saura mutum biyu.

"Anti," ta ce a hankali, "ki riƙa kawo shi da safe. Ya zauna nan ki je ki yi ɗinkinki. Kafin in haihu dai."

"Bayan kin haihu fa?"

"Sai mu ga abin da Allah zai yi."

Auta ta matsa kusa da kujerar. Ta sunkuya ta sa wa Baba takalmansa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. "Taso ki ga gidanmu," ta ce wa matar. "Ba a yin maƙwabtaka ba a san ƙofa ba."

Suka fito su uku, tafiyar tsoho da ta mai ciki, Auta a tsakiya tana ta rage saurinta. Maigadi ya buɗe musu, ya bi su da kallo, ya rasa wacce zai ce wa a gaida gida.

A bakin titi suka tsaya. Rana ta take, kwalta tana hurowa da zafi. Motoci suna ta wucewa, ba su bar ko tazarar da akuya za ta ratsa ba. Auta ta kama hannun Baba da dama, ta kama na matar da hagu, tana jiran sarari. Baba ya bi motocin da kallo, kansa yana juyawa tare da kowace.

"Auta, ina duk mutanen nan za su?"

"Birni, Baba."

Ya ƙara kallonsu.

"Tun ɗazu?" ya ce. "Har yanzu ba su isa ba?"