Tarin Motar Mahamman

Shekara ashirin da shida na yi ina gyaran mota a garejin Si Muhsin da ke unguwar Tahaggart, nan cikin Tamanrasset, kuma da kunne na ci abincina. Tun mota na bakin ƙofa nakan faɗi ciwonta, mai ita bai ma kashe inji ba. Sai ga shi wajen shekarar 2005 kunnen ya fara yi mini tawaye. Na hagu ya soma tafiya, na dama ya bi sawunsa sannu a hankali. Ban gaya wa kowa ba sai matata Zainabu, ita ma don ta gaji da kirana sau uku kafin in waiga. Gaskiya tsoro nake ji. Bakanike kurma mai shekara hamsin da takwas, kuma baƙo daga Damagaram, wa zai ɗauke shi in an sallame shi?

Ana cikin haka Si Muhsin ya sayo wata na'ura mai kamar ƙaramin akwati, wadda muke kira baliz. A jona ta da mota, ta rubuto lambar ciwo a kan gilashinta. Na tsane ta tun ranar farko, don na ga abin da ta zo yi.

Motar da ta nemi tona mini asiri ta Mahamman ce, wani ba'agadashe mai ɗauko tumatir da albasa daga lambunan Hirafok zuwa kasuwa. Tsohuwa ce mai shan esansi, wato fetur, ta ci duniyarta a Turai kafin ta faɗo hannunsa. Ya ce tana tari a hanya, ta riƙa fizga kamar za ta mutu, ga wata fitila ta kama a gaban sitiyari. Si Muhsin ya jona baliz, ta rubuto P0300. Ya duba littafinta ya fassara mini: wuta na ƙin kamawa a cikin inji, amma ba a silinda ɗaya ba, yanzu wannan, anjima wancan. Na ce to ai wannan ko tumatirin da ke bayan motar ya sani.

Na canja buji, wato fulogi, aka share lambar, Mahamman ya tafi. Bayan kwana huɗu ya dawo. Na canja matatar mai, na wanke duk inda mai ke bi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, mako bai cika ba sai ga shi da lambar nan dai. Abin haushin, a cikin gareji motar lafiyarta lau. Ko kuwa tana tarin ne ni ban ji ba? Wannan tunanin ya fi komai ci mini rai. Nakan sunkuya kan injin in karkata kai kamar mai saurare, alhali gurnani kawai nake ji daga nesa, irin na wanda ya nutsa kansa cikin randa. Si Muhsin ya dai tsaya yana kallona, ni kuwa na fi son zagi da wannan kallon.

A wannan zuwan nasa na uku na ce masa gobe tare za mu tafi Hirafok, tunda a hanya take abin nata.

Da hantsi ya biyo ya ɗauke ni. Muka fita gari, motar na tafiya sumul, har na fara zargin ko Mahamman ne mai tarin. Mun wuce dabinon Tit da kaɗan, ya taka mai sosai, sai ya juyo gare ni.

"Baba Sha'ibu, ka ji ta ko?"

Na ce na ji. Ƙarya nake. Na yi kamar ina gyara zama, na ɗora tafin hannuna kan sandar giya, a nan ne na same ta: wata 'yar fizga, ta ɗauke, ta sake dawowa ba tsari. Na ce ya tsaya.

Na ɗaga murfin injin ina tsammanin ƙurar da na saba gani, sai na ga abin mamaki. Ƙurar da ke kan wayoyin buji ta zama ɗigo-ɗigon laka, a ƙasar da rabonta da ruwan sama an manta. Na taɓa, da ɗanshi. Na duba tulun ruwan injin da bututunsa, babu inda ke yoyo. Da na ja da baya ne idona ya sauka kan salka, rataye a ƙarfen gaban motar, cike tim da ruwa tana gumi. Kowane direban Sahara yana rataya salkar fatar akuya a jikin motarsa don iska ta sanyaya masa ruwan sha, har ido ya daina ganinta. Ni ma da safen na gan ta ban ga komai ba. Amma mutane a gefe suke rataya tasu. Mahamman shi a gaba ya ɗaure, wai ruwan ya fi sanyi.

Na tambaye shi ko da ita yake zuwa gareji. Ya ce ina, mai shiga gari me zai yi da salka, a inuwa yake barinta gida. Shi ke nan na gane. In ya yi gudu iska ta kwashi gumin salkar ta watsa shi cikin inji, kan tsofaffin wayoyin da zafi ya riga ya tsattsaga, wuta ta riƙa tsallakewa inda ta ga dama. Kafin ya iso wurinmu kuwa komai ya bushe ƙayau.

Mahamman bai yarda ba. Ya ce salkar nan tun ta mahaifinsa ce, ba ta taɓa cutar kowa ba. Na ce mahaifinka a raƙumi ya rataya ta, raƙumi kuwa ba shi da buji. Muka kwance ta, muka goge wayoyin, muka yi tafiya mai nisa ba ko atishawa. Muka mayar da ita gaba, ba a jima ba sandar giya ta fara fizga a hannuna. Daɗi ya cika ni, har na sa ya sake tsayawa don in ƙara kallon ɗigon nan.

Ina tsaye a gefen kwalta ina murmushi ni kaɗai, sai na ji an fizgo rigata da ƙarfi har na faɗi zaune. Wata babbar motar kaya ta wuce daidai inda ƙafata take. Mahamman ne ya fizgo ni, yana haki, ya ce tun daga nesa direban ke danna oda, shi ma ya kira sunana har muryarsa ta dushe. Na san ya gano ba na ji. Muka je Hirafok, muka loda albasa, muka dawo, hirar ba ta sake yin daɗi ba.

Ban san Mahamman da tsegumi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga gara maganar ta fito daga bakina. Washegari na sa masa sababbin wayoyi, na ɗaure salkar a gefe da hannuna, sannan na sami Si Muhsin a buro, wato ofishinsa. Na ba shi labarin salka, ya yi dariya har da hawaye. Na bari ya gama, na ce masa kunnena ya mutu, motar nan ban ji tarinta ko sau ɗaya ba, in yana son ya nemi wani ba zan ga laifinsa ba.

Ya matso ta ɓangaren dama, ya ɗaga murya, ya kira ni kawu da Larabci.

"Ammi Sha'ibu, shekara biyu ke nan duk garejin nan da ihu muke yi maka magana. Ka ɗauka balizar nan don wa na saye ta?"

Ni da nake jin na rufa wa kaina asiri, ashe su ne suka rufa mini, kowa da kowa, kullum, ba wanda ya ko yi mini murmushin sani. Kunya ta kama ni fiye da murna. Na fita ban yi godiya ba. Na je na ɗauki balizar daga inda take, na goge mata ƙura da gefen rigata, na dawo na ce ya nuna mini inda ake kunna ta.