Ranar da Aka Sako Kogin Skarva

Mutanen gidan Bakken ba su iya magana a hankali ba. Ko gishiri suka ce ka miƙo, sai na ƙarshen kwari ya ji. Ba faɗa ba ne, gado ne. Gidan yana gab da mafaɗar ruwan Skarva, duk wanda aka haifa a nan da ihu ya koyi magana. Shekara sittin ke nan da kamfanin wuta ya datse kogin can sama ya karkatar da shi ta cikin dutse zuwa injinansa, mafaɗar ta bushe ƙayau, amma Gwaggo Torlaug, yayar babana, har gobe magana take kamar ruwan na zuba a bayanta.

Aikina ɗibar ruwan kogi a kwalabe don a gwada lafiyarsa. Lasisin kamfanin ya zo ƙarshe, kuma dokar yanzu ba irin ta da ba ce. Kafin a sabunta shi, sai hukumar ruwa ta ba da shaidar cewa abin da ya rage a ƙasan dam ruwa ne mai rai. Na daɗe ina bin busasshen kogin da dogon takalmin roba, ina cika kwalabe daga 'yan kududdufai, ina ɗaga duwatsu ina duba ƙwari. Gansakuka ce kawai da wari, ruwan ya yi ɗumi, babu iskar da kifi zai shaƙa. Hukumar ta ce babu shaida, babu lasisi, sai an riƙa sako wa kogin rabonsa dare da rana.

Kwarin ya ɗauki murna. Aka kira taro a zauren gari, aka jera kofi da wainar fulawa da cuku. Eilert, matashin injiniyan kamfanin, yana cikin nuna hotunan kifi sai Gwaggo ta dogara sandarta ta miƙe.

"Kai yaro, wa ya ce maka muna so?"

"Iya, ba mu ba ne, doka ce," in ji Eilert.

Tsoho Oddvar, wanda ya riga ya sayi sabuwar ƙugiyar kamun kifi, ya ce, "Haba Torlaug, ke da muryarki ta danne ta ruwan, me zai dame ki? Ruwan ne ma abin tausayi."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ranar da kuka sako shi, ran nan zan bar gidana."

Dariyar ta mutu. Matar da ta doshi casa'in, wadda ta rantse sai dai a fitar da ita daga Bakken a akwatin gawa. Kuma kowa a zauren ya san da Aslak, ɗanta ɗaya tilo. Yana da shekara huɗu ya faɗa gurbin da ke ƙasan mafaɗar ya nutse, shekara guda kafin a datse kogin. Duk muka ɗauka mun gane: ƙarar ruwan za ta tono mata tsohon ciwo.

Na mayar da ita gida a mota, raina a ɓace. Ina ƙaunar Gwaggo, amma taurin kanta sai ya sa ka ciji yatsa. A kicin na ce, "Gwaggo, kamfani zai sa miki tagogi masu gilashi ninki uku. Ko tsawa aka yi ba za ki ji ba."

"Ashe ke ma sakarya ce irinsu, Ragnfrid."

Ta zauna a kujerarta ta bakin taga, wadda ke kallon busasshen gurbin.

"Ran nan ciyawar dabbobi nake shanyawa a kan wayar shinge, ga ni ga shi, kamar daga nan zuwa rumbun can. Ya kira ni. Dole ya kira, wane yaro ne zai faɗa ruwa bai kira uwarsa ba? Ban ji ba. Ruwan ya hana ni ji." Ta gyara tabarau. "Da suka rufe kogin, kwarin ya yi tsit. Washegari da hantsi ina wanke kofuna na ji shi. 'Mama.' Sau ɗaya. Na ce na'am. Tun daga ranar kullum sai ya kira, kullum sai na amsa. Yanzu kuna so ku sake rufe masa baki saboda kifi."

Tun ina ƙarama nake jin ta tana cewa na'am ita kaɗai, tana cikin kwaɓa fulawa ko ninke kaya. Mu yara mun ɗauka halin tsofaffi ne, har kwaikwayonta muke a bayan rumbu.

Ni ba mai yarda da irin waɗannan abubuwa ba ce, amma washegari na sami Eilert a ofishinsa. Na tambaye shi ko za a iya rufe ƙofar dam na ɗan lokaci kullum da hantsi.

Ya dube ni kamar na zo da sabon yare. "Anti Ragnfrid, ke fa kika ɗebo ruwan nan. Sharaɗin ya ce kada ya yanke ko na minti ɗaya. In ya yanke ƙwan kifi ya bushe, lasisinmu ya bi ruwa. To, in zan nemi alfarma, wane dalili zan ba hukuma?"

Yaron yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na fito na nema wa Gwaggo ɗaki a gidan tsofaffi da ke ƙasan kwari.

Da safe aka sako kogin, a watan Yuni, ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa. Mutane sun cika gada da tutoci, 'yan makaranta na busa ƙaho. Ni na wuce Bakken. Akwatunanta biyu suna bakin ƙofa, ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, tana zaune a kujerar taga, tagar a buɗe.

Ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ne ya fara isowa. Sai wani siririn ruwa mai launin ƙasa ya leƙo daga saman mafaɗar, yana turo busassun ganye da rassa. Kafin na juya ya zama fari, ya cika wurin, kofunan da ke kan kanta suka fara rawa. Ban taɓa jin ƙarar nan ba a rayuwata, amma na ji ta har cikin haƙorana. Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, kuma kyan nasa ya sa na ji kunya.

Gwaggo ta karkata kai, ta kara tafin hannu a kunne. Hantsi ya yi, ya wuce. Ban yi motsi ba sai da rana ta bar kan tebur.

Na matsa kusa da kunnenta. "Kin ji shi?"

Ta girgiza kai.

Na je na ɗauki akwatunan. Har na kai ƙofa ta ce, "Ajiye su."

"Gwaggo, suna jiranmu."

"In na tafi ya kira, wa zai amsa?"

"Ai ba kya jinsa yanzu."

"Ni ce ba na ji. Wa ya gaya miki shi ba ya ji?"

Ta juya ta fuskanci ruwan. "Na'am, Aslak," ta ce. Ta ɗan jira, hannunta a kan gwiwa, tunda ba ta san lokacin da zai kira ba. Can ta sake cewa, "Na'am."

Na mayar da akwatunan ɗaki na fara jera mata kayan a cikin kabad. Ina rataye rigunanta ina jin ta tana amsawa.