Meiyou, Wato Babu

Duk cikin Sinanci babu kalmar da Mas'uda ta tsana kamar "meiyou", wato babu. Ka nemi leshi ruwan toka a kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou, meiyou. Ka nemi ƙarin biza a shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, meiyou. Haka abokan fataucinta suka zare ɗaya bayan ɗaya suka koma Kano, aka bar ta ita kaɗai a ɗakin da su huɗu ke cin tuwo kwano guda.

Tari ne ya kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Dakta Rosa, 'yar Peru da kakanta ya fito daga nan Guangzhou, mace ce mai nacin tsiya. Minti biyu ta gama da tarin, sai ta shiga tone-tone da Turanci: me ya yi ajalin mahaifiyar Mas'uda?

"Ciwon daji ne, a nono," in ji Mas'uda.

"Ke an taɓa duba ki?"

"Ni lafiyata lau."

"Haka tawa uwar ta riƙa cewa har muka binne ta. Cire mayafin, 'yar'uwa."

Ai kuwa likitar ta taɓo ƙullutun nonon da Mas'uda ta yi wata biyar tana ɓoye wa kowa, har mijinta Shitu da ke Kano. Ta tura ta gwaji.

Bayan mako guda ta koma karɓar sakamako. Likitar na ciki da wani, sai ma'aikaciyar ƙofa ta buɗe takardar, ta kaɗa hannu tana murmushi: "Meiyou, meiyou!"

Babu magani ke nan, Mas'uda ta raya a ranta. Murmushin ma ta san shi, da shi ake sallamar mutum a kasuwa. Ta fita ta zauna a bakin titi, tana tunanin wa zai yi mata wankan gawa a wannan gari.

Nan Dakta Rosa ta cim mata tana haki. "Babu daji, ma'aikaciyar take nufi! Ruwa ne ya taru. Baɗi ki dawo in sake dubawa."

Mas'uda ta ciro waya. Wanda bai san tsoronka ba, ta ina za ka fara masa albishir? Ta dai kira Shitu.

"Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji," ta ce, hawaye na zuba.

"Madalla. Yaushe kayan za su taso daga tashar jirgin ruwa ta Huangpu?"