Sifanar Fasa Kanwa

Da maigidana ya rasu, Kabiru, wanda suke gyaran babur a layi ɗaya a Ƙofar Wambai, ya nemi aron jakar sifanonin marigayin. Na ba shi, don aron kayan aiki tsakanin kanikawa ba abin kunya ba ne. Da ɗana Mudathir ya shirya buɗe rumfar ubansa, na aika a karɓo. Sai ga jaka cike da sifanoni sababbi fil, sai ƙyalli suke kamar kwanon amarya.

Ban yi boko ba, ban san me aka rubuta a jikinsu ba. Amma na ɗaga ɗaya na ji ta sakayau kamar ludayi. Na yafa mayafi na fita.

Na tarar da Kabiru zaune da Malam Hammajoda, shugaban kanikawan layin. Na zazzage jakar a gabansu.

"Inna Fatu, lafiya?" in ji Kabiru.

"Ina kayan mijina?"

"Haba Inna, ai alheri na yi miki. Tsofaffi na karɓa, na mayar da sababbi."

"Alherinka ya bi ka. Malam, ga babur can, a gwada."

Babur ne na wani soja daga barikin Shadawanka, notin tayar baya ya yi tsatsa. Malam Hammajoda ya sa sabuwar sifana ya danna. Bakinta ya buɗe, ta zame, saura kaɗan ta kwashe masa fatar yatsa.

"'Yar Caina ce, ta banzar ma," ya ce.

Ya ɗauko tasa 'yar Indiya. Ta riƙe, amma ta fara lanƙwasa, noti ko gezau. Sai na nuna wata baƙar sifana da ta leƙo daga aljihun Kabiru. Ana sa ta, noti ya yi ƙara ya juya.

"'Yar Jamus ke nan," in ji Malam. "Irinta yanzu sai an tona."

Kabiru ya ce, "Tawa ce, a gwanjo na saya. Duk kamarsu ɗaya."

Na ce, "Malam, juya gindinta."

Ya juya. Wajen duk ya zaizaye, ya yi fari-fari.

"Da ita nake fasa kanwa duk ranar da marigayi ya bar ta a gida. Har faɗa mun sha yi a kai. To faɗa min, Kabiru, Jamusawa ma suna dama kunun kanwa ne?"

Kanikawan da suka taru suka fashe da dariya. Malam Hammajoda bai yi ba. Ya ce, "Kayan marayu ne. Shiga ka fito da sauran."

Ya fito da su, har da filaya da sukudireba. Na ɗure a jaka, na ture masa masu ƙyallin da ƙafa.

Washegari Mudathir ya buɗe rumfa. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: baƙar nan, kullum da yamma ta dawo gida. Kanwa ba ta fasa kanta.