Daɓen Motar Sammani

Ɗana Sammani ya sayar da akori-kurarsa tun kafin a yanke shinkafa. Bai yi shawara da ni ba. Da na ji, na kira shi zaure na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Baba, fetur ya gama da ni. Akwai sabuwa tana zuwa, mai lantarki. Caji ake yi mata kamar waya."

"Tana ina?"

"Tana hanya."

"Nawa ce?"

"Ba su faɗa ba tukuna. Amma masu sani sun ce ba za ta yi tsada ba."

Masu sanin nan duk a cikin wayarsa suke zaune. Ya miƙo mini ita in ga hoton motar. Fara ce tas, tana tsaye a wani titi da babu rami ko ɗaya. Na ce masa wannan ba ta taɓa ganin hanyar Bunkure ba, kuma daga ganin fuskarta ba ta da niyya.

Da akori-kurar nan yake kai mini tumatir kasuwar Kwanar Gafan duk rani. Abin da ya fi ɓata mini rai, Jaji ya sayar wa. Jaji maƙwabcina ne a gona. Shi ne a sama, ni a ƙasa, kanal ɗaya ke ba mu ruwa. Ya taɓa toshe mini ruwa ranar da rabona ne, na gaya masa abin da na gaya masa a gaban mutane. Tun daga nan gaisuwa kawai ke tsakaninmu, ita ma don Musulunci.

Mota ba ta zo ba, amma an yi mata masauki. Sammani ya share filin ƙofar gida, ya zuba siminti, ya goge shi sumul. Ya kafa ƙarfe a gefe ya ɗora sola. Kullum da safe sai ya share daɓen. In akuya ta hau, ya bi ta da tsintsiya. Uwarsa Kulu ta ce ko baƙo daga Makka ba a yi wa wannan shiri ba.

Da yamma abokansa kan taru a gefen daɓen, ba a kai ba, suna musun farashi. Wannan ya ce in dala ta sauka za ta yi sauƙi. Wancan ya ce sai an ga abin da kwastan za su ɗora. Babu ɗayansu da ya taɓa kama ƙofarta.

Aka ce bayan Sallah. Aka ce sabuwar shekara. Aka ce jirgin ruwan ya taso, sai kuma aka ce ba wannan jirgin ba ne.

Tumatir dai ya nuna a lokacinsa. Zafi ya shigo, kowa yana tsinka, duk motar da na nema an riga an kama ta. Na tsinke nawa na zuba a kwanduna, na jera a inuwar mangwaro.

Kulu ta same ni ina alwala. Ta ce, "Malam, Jaji ya aiko. Ya ce in kana so, akwai wuri a bayan motar."

"Ki ce na gode."

"Na gode a zo, ko na gode a bari?"

"Kin ji ni."

"Ni na ji ka. Tumatir ɗin ne bai ji ka ba."

Na ƙarasa alwalata. Na ari amalanke, na kwaso kwandunan zuwa ƙofar gida. Na wasa wuƙa. In ba zai je kasuwa ɗanye ba, zan yanka in busar, ya je a kauɗa. Na zauna a tsakiyar daɓen Sammani ina yankawa ina shanyawa.

Ya dawo ya same ni. Ya tsaya kamar wanda aka yi wa sata.

"Baba, ruwan tumatir yana cin siminti."

"Ya ci. Wani abu dai ya amfana da shi."

"In ta iso fa?"

"In ta iso ta jira, yadda muka jira ta."

"Ka san kauɗa ba ta kama ƙafar ɗanye a kasuwa."

"Na san wanda ya sayar da motata."

"Tawa ce, Baba."

"Shi ya sa ban kai ka ƙara ba."

Ya shiga gida. Na ji uwarsa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Daɓen faɗin mota ɗaya ne. Kafin la'asar ya cika, kwanduna kuwa ko rabi ban taɓa ba. Na sa hannu a ƙasan ɗaya, ya fara laushi. Ƙudaje sun riga ni sani. Na rufe su da buhu na tafi masallaci.

Da safe ina juya shanya na ji tarin injin da na sani. Akori-kurar ce ta shigo layinmu, Jaji a sitiyari, Sammani a tsaye a baya kamar yaron mota. Aka tsaya a gefen daɓen. Sammani ya diro, bai kalle ni ba, ya fara ɗora kwanduna.

Jaji ya leƙo ta taga. "Malam Uba, barka da aiki."

"Barka kadai."

"Akwai wuri a gaba, in za ka."

"Ina da aiki."

Ni ban aika a kira shi ba. Ban kuma ce a sauke ba. Na ci gaba da juya shanyata har aka ɗora na ƙarshe.

Da za su tashi na ce da Sammani ya ɗaure ƙofar baya da igiya, sakatar hagu ba ta kamawa. Ya ɗaure, ya hau ya maƙale a gefen kaya, waya a aljihu. Jaji ya ja mota a hankali saboda ramin bakin kanal, tumatir ɗina a bayansa.