Ranar da Inno Ta Hana Nono

Duk wanda ya yi noman rani a gonakin tumatir na tsakanin Kura da Bunkure, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauye, ya san mangwaron nan na bakin kwalbati, inda babbar hanyar ruwa ke rabuwa biyu. A gindinsa Inno ke sauke ƙwaryarta. Bafulatana ce doguwa, siririya, mai bakin da magana ba ta kwana a cikinsa. Rugarsu na can bayan gonakin. Sun fi shekara ashirin a wurin har sun manta yadda ake tashi, mijinta Dattijo ya zama rabi makiyayi rabi manomi.

A gidan Inno ba a sayen abin da ƙasa za ta iya bayarwa. Zogale ne dangarta, kashin shanu ne takinta. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa duk nata ne, sabulun salo ma ita ke dafa abinta. In jika ya yi ciwon ciki ta san saiwar da za ta jiƙa. Ɗunƙulen miya na kanti kuwa bai taɓa ganin cikin tukunyarta ba. Ka kawo mata shi tsaraba, sai ta jujjuya shi a hannu ta ce, "Wannan kuma a wace bishiya yake fitowa?" Maƙwabta na cewa maƙo ne ya yi mata yawa. Ko a jikinta.

Manyan abokan cinikinta su ne masu feshi. Samari ne da magidanta da ke goya famfon maganin ƙwari a baya suna bin gonakin mutane. Da hannu suke gauraya maganin, in bakin famfo ya toshe su kafa baki su hura, rigar da suka yi aiki da ita da ita za su wuni. Ba sa tsoro, don suna da abin da suka dogara da shi: da an gama, a je a sha nono. Kowa a yankin ya san nono na kashe dafin maganin. Wa ya fara faɗa? Oho. An dai tashi an tarar ana faɗa. Kuma tunda Inno ba ta tsarma wa kindirmonta ruwa, sai aka yanke hukuncin cewa nata ya fi ƙarfi.

Ita ma ta yarda da haka, har cikin ranta. Tana miƙa ƙoƙo tana cewa, "Sha, ɗan nan, ya wanke maka ciki."

A cikin masu shan akwai Ɗalhatu, wani ɗan Garun Malam mai barkwanci, wanda ke zuwa sau biyu a rana yana kiran kansa angon Inno. Wata Talata da zafi ya tsananta, ya yi feshi a gonar Alhaji Badamasi iska na dawo masa da maganin a fuska. Kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kunya. Aka rugo gindin mangwaro ana ihu a kawo nono. Inno ta suri ƙwarya ta bi su da gudu. Ta tarar da shi gumi ya jiƙe shi sharkaf, yawu na dalala, bai san wanda ke kansa ba. Maza biyu suka buɗe masa muƙamuƙi, ita kuma da hannunta ta riƙa ɗura masa ludayi bayan ludayi, yana ƙwarewa tana ƙarawa.

Da abin ya ƙi, aka saka shi a bayan a-kori-kurar da ta zo ɗaukar tumatir sai asibitin Kura. Inno ta bi su, har da sauran nonon a kwano, ko za a buƙata.

Wata malamar asibiti, dattijuwa mai tabarau, ta fito ta tambayi abin da aka ba shi.

"Nono," in ji Inno. "Mai kyau, ba gauraye."

"Wa ya ɗura masa?"

"Ni."

Matar ta dube ta, ta dubi kwanon. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta ce, "Baba, nono abinci ne, ba ya kashe wannan dafin. Kuma mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, abin da aka ɗura masa huhu yake wucewa. Da rigar kuka tuɓe masa, kuka wanke shi da sabulu, kuka kawo shi da wuri."

Kwana biyu Ɗalhatu ya yi ya cika.

Inno ta yi kwana uku ba ta fita talla ba. Ludayin nan ya tsaya mata a rai, amma akwai abin da ya fi shi ci mata zuciya. Ta zauna ta tuna fuskokin duk waɗanda ta shayar a gindin mangwaro, ta gane cewa ba ƙoshi kawai take sayar musu ba. Ƙarfin hali take sayar musu. Ba don nononta ba, da wani ya ji tsoro ya rufe hancinsa, da wani ya ƙi hura famfo da baki. Ga shi kuma ɗanta na fari, Hashimu, a wannan ranin ya karɓi famfo ya shiga sahu, kullum da safe sai ya sha ƙoƙo guda a ƙofar ɗakinta kafin ya fita. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta haife shi.

Ran na huɗu ta koma gindin mangwaro. Na farkon zuwa Sagiru ne, famfo a baya, warin magani na gaba yana biye.

"Inno, zuba na kullum."

"Babu."

Ya leƙa ƙwaryar. "Ga shi kuwa cike."

"Cike yake. Mai famfo ne ba zai sha ba." Ta ɗaga murya yadda na bakin kwalbati za su ji. "Ku saurara, ku duka. Nonon nan ba magani ba ne. Ni na ce muku magani ne, to ƙarya na yi ban sani ba. Mai jin yunwa ya zo in dama masa fura. Wanda ya zo wanke dafi ya wuce rafi da sabulu."

Aka fashe da dariya. Tambaya, abokiyar tallarta da ke zama a ɗaya gefen bishiyar, ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ke Inno, in kin gaji da kasuwa ki koma gida. Kar ki ɓata mana tamu."

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Alhaji Badamasi, don biyu daga cikin yaran da ke yi masa feshi sun fara jan ƙafa. Ya tako da kansa, babbar riga na jan ƙasa.

"Inno, yaushe kika zama likita? Yaron nan Ɗalhatu kwanansa ne ya ƙare. Ko kina ja da ƙaddara ne?"

"Ba na ja, Alhaji. Kwanansa ne ya ƙare." Ta gyara faifan da ta rufe ƙwarya da shi. "Amma ludayin a hannuna yake, ba a hannunka ba. Kai kuma da kake tsaye can nesa saboda wari, ka taɓa goya famfon nan sau ɗaya?"

Alhaji ya ce tsohuwar ta zautu, ya kaɗa riga ya tafi.

Gaskiyar magana, taurin kan Inno bai hana kowa komai ba. Masu feshi suka koma wajen Tambaya, wadda ta ƙara wa nononta ruwa don ya isa. Inno kan dawo da rabin ƙwarya, ta kaɗa ta fitar da mai, ta shayar da jikoki. Dattijo ya yi faɗa har ya gaji.

A gida ma ba ta sassauta ba. Kasancewar Hashimu ɗan fari, Inno ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban idonsa ba, kunyar Fulani ke nan. Sai ta kira matarsa Zuliha ta ce, "Ki gaya wa mutumin ɗakinku, muddin famfon nan na gidan nan, bakinsa da nonon shanuna sun yi hannun riga."

"Inno, ai sai ya sha a waje."

"Ya sha. Ba dai da hannuna ba."

Haka kuwa aka yi. Hashimu ya riƙa wuce uwarsa a gindin mangwaro, kansa a sunkuye, ya tsuguna gaban Tambaya. Inno na kallon hanyar ruwa kamar ba ta gan shi ba, alhali tana jin kowane kurɓi da ya yi.

Bayan mako uku, da rana tsaka, ta dawo ke nan tana shanya zogale, sai ga ɗan acaɓa ya shigo har tsakar ruga. Hashimu ne a tsakiya, wani abokin aikinsa na riƙe da shi ta baya. Da aka sauke shi ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Gumin nan ne, yawun nan ne, naman fuskarsa na ta rawa.

Dattijo ya daka tsawa. "Zuliha! Nono! Maza!"

Zuliha ta fito da ƙwarya tana kuka. Maƙwabta sun taru, kowa na cewa a ɗura masa, a ɗura masa. Inno ta sha gabanta, ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ta kifar da ita a ƙasa. Matar da ke suɗe ludayi don kar ɗigo ya salwanta, yau ita ce ta tsaya tana kallon nono na bin rairayi.

"Za ki kashe min ɗa!" in ji Dattijo, ya yo kanta.

"Na riga na kashe na wani, malam. Wannan ba za a ɗura masa komai ba sai an bi ta kaina. Matsa!"

Ta durƙusa ta kama rigar Hashimu ta keta ta gida biyu, ta yi jifa da ita bayan danga. Ta sa Zuliha ta jawo randa da sabulun salo. Ta wanke shi tun daga gashin kai har tafin ƙafa, a gaban surukarta, a gaban kowa, ƙaton magidanci mai 'ya'ya biyu. Idonsa na neman rufewa ta riƙa marin kumatunsa.

"Hashimu! Hashimu, dube ni! Kar ka kuskura!"

Matan da ke wurin suka dubi juna. Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

Ta naɗe shi da zanenta na sama, aka ɗora shi a babur, ta haye baya ta rungume shi, ta kwantar da kansa gefe don yawun ya riƙa zuba waje. Ita da ba ta taɓa hawa acaɓa ba, ita ce ke ce wa direba ya ƙara wuta. A asibiti aka yi ta yi masa allura. Kwana huɗu Inno na zaune a dandaryar siminti, ba ta ci abin kirki ba, har ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Da suka dawo gida ba wanda ya ce mata sannu da ƙoƙari. Wasu ma cewa suka yi da an ba shi nonon da bai kai ga kwanciya ba. Dattijo ya daina faɗa, amma bai ce ta yi daidai ba, sai dai ya riƙa ɗebo mata ruwa ba ta roƙa ba.

Mako biyu bayan haka tsutsa ta faɗa wa tumatir, Alhaji Badamasi ya aiko a kira Hashimu. Da sassafe Inno na tsugune tana tatsa, ta ji tsayuwar mutum a bayanta, ta ji ƙarar madaurin famfo.

"Inno," ya ce a hankali. "Ko kurɓi ɗaya."

Ba ta waiwaya ba. "Babu."

Ya daɗe a tsaye, sannan ta ji takunsa na nisa. Ta ƙarasa tatsar, ta rufe ƙwarya. Ta san Tambaya na can gindin mangwaro. Ta san ba ta da igiyar da za ta ɗaure ƙato kamarsa. Ranar ba ta fita talla ba, ta zauna a ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale, idonta na kan hanya, duk babur ɗin da ya gifta sai ta miƙe ta leƙa.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi da ƙafarsa. Ya sauke famfon ya yi jifa da shi gindin danga, ya yi ƙara irin ta abin da ba komai a ciki. Ya zo ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ransa a ɓace.

"Na saya wajen Tambaya," ya ce. "Ƙoƙo biyu na sha. Na je gonar, na buɗe kwalbar, da warin ya buge ni sai ƙafata ta ƙi shiga. Na tsaya, na tsaya, yara na yi min dariya. Da can in na sha sai in ji ba abin da zai same ni. Yau na sha, ban ji komai ba sai nono." Ya juyo gare ta. "Kin cuce ni, Inno. Kin sa min tsoro. Da me zan riƙe gidana yanzu?"

Inno ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ga shanu, ga gona, ga hannu biyu Allah ya bar maka," ta ce. Sannan ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. "Tsoron kuma ka riƙe shi da kyau. Na sha wuya kafin in samo maka shi."